Kumatun Angona

Akwai wani yammaci da nake jin ko tsufa ya cinye min tunani ba zai iya cinye shi ba. Mu uku ne a tsakar gidana a Sabon Garin Wudil, ni da surukata da ƙanwar mahaifin mijina. Mun jingina waya a jikin kular abinci muna kallon dawakai a wata ƙasar Larabawa, kuma a cikinmu babu wadda za ta iya rantsewa cewa mijina yana raye. Yanzu shekaru sun ja, yaranmu har sun fara makaranta, amma duk ranar da na zo zuba masa abinci sai hannuna ya ɗan tsaya a kan ludayi, yammacin nan ya dawo min.

Mijina mahayin dokin sukuwa ne, ɗan Utai, wani gari kusa da Wudil. Tun yana ƙarami yake kai dawakan wani dillali wanka kogi, in ya faki idon mutane sai ya sake su da gudu a kan yashi. Allah ya yi shi ɗan firit, ba tsawo ba jiki, kuma abin da ake tsokanarsa da shi ke nan ya zame masa hanyar abinci. Ya yi sukuwa a Kano da Katsina, ya tsallaka Nijar, daga can wani mai horar da dawakai ya gan shi ya tafi da shi ƙasar Larabawa. A can idan zafi ya tsananta ana rufe filin sukuwa, sai ya dawo gida ya yi damina da mu. A irin wannan hutun aka ɗaura mana aure.

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya ne suka raine ni. Hayarsu nake yi a wani shago kusa da tasha, in ɓoye a cikin hijabi, in karanta har idona ya yi ja. Samarin cikinsu duk dogaye ne masu faɗin ƙirji, nawa kuwa in muka jera kafaɗarmu ɗaya. Amma bai dame ni ba. Mutumin da yake hawa jirgi, yake ƙamshin turaren Larabawa, yake gudu a kan doki a gaban dubban mutane, me ya rage masa? Barde na raɗa masa, kuma har yau haka nake kiransa. Abu ɗaya nake jira wanda babu littafin da ba ya cikinsa: amarya ta shiga kicin ta yi girki, ango ya ci har ya yi santi, bayan ’yan makonni ya fito da kumatu dangi su yi ta shi mata albarka.

An kai min gara ta gani ta faɗa, alkaki da nakiya da dubulan da man shanu har ba wurin ajiyewa. Ranar da na fara girki na aika aka sayo min kifi ɗanye a bakin gada, na yi farfesu, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi kwalliya na zauna a gabansa na zuba tagumi ina jiran santi. Ya tsinci kifi kaɗan, ya yi ’yan lomomi na tuwo, ya wanke hannu.

"Bai yi daɗi ba ne?"

"Ya yi daɗi har ya so ya yi yawa, Amarya. Shi ne ma matsalar."

Ya sunkuya ya jawo wani ɗan sikeli daga ƙarƙashin gado ya nuna min. Ya ce a can kafin mutum ya hau doki sai an auna shi da sirdinsa, domin kowane doki da nauyin da aka yanka masa zai ɗauka. In mahayi bai kai ba, sai a cika masa da dalma a jikin sirdi. In kuwa ya wuce, sai ya koma gefe wani ya hau.

Na ce, "To ai sai su rage sirdin."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Wa ya taɓa jin aikin da ake biyan mutum don ya zauna da yunwa? A littattafan da na karanta, namijin da ya ture abincin amarya dalilinsa ɗaya ne, akwai wata a ransa. Kamar da gayya, bayan kwana biyu na ji shi a waya yana tambayar abokin ɗakinsa, wani mutumin Maraɗi mai kula da dawakai, wai tana cin abincinta kuwa, wai a riƙa shafa mata wuya in ta ƙi kwanciya, wai shi ma yana kewarta. Na shige ɗaki na kifa kai a matashi na yi kukan da na sha karantawa. Da ya gane abin da ya faru sai ya kawo min hotonta. Goɗiya ce, fara mai ɗigon toka, da ido kamar an sa mata kwalli. Ya ce tun tana ’yar ƙarama ba ta yarda da kowa sai shi, shi ya koya mata gudu, kuma an yi masa alkawarin shi zai hau ta a babbar sukuwar buɗe fili in ya koma. Ya ce duk shekarun da ya yi a can, ranar nan yake jira.

Na yarda da batun goɗiya. Batun abinci ne dai ya ƙi shiga kaina, kuma ba ni kaɗai ba.

Surukata, wadda muke kira Inna, mace ce mai kawaici. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "yaron nan". Amma Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, bakinta ba ya da ƙofa. Wata Juma’a ta shigo cin kasuwa ta biyo ta gidanmu da wasu mata ’yan ganin ɗaki. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu kamar mai tayin rago.

"Ke ’yar nan, me kike dafa masa ne? Ruwan zafi? Ji wuya kamar sillen kara! Angon maƙwabtanmu tare aka yi bikinku, yanzu wando ba ya shigarsa."

Ya ce, "Gwaggo, aikina ne ba ya son ƙiba."

"Rufe min baki da iyayi. Dokin da zai ɗauki buhun gero shi ne zai kasa ɗaukarka? Ka dai faɗi gaskiya in ba ta iya ba, mu ɗauke ta mu koya mata."

Matan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, na raka su har ƙofa, na dawo na zauna a bakin murhu ina share hawaye da gefen zani. Ya daɗe a tsaye a kaina. Can ya ce, "Amarya, akwai sauran tuwon nan?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Kawo. Da man shanu." Ya sa ƙafa ya tura sikelin can ƙuryar gado, ya ce kada in damu, in ya koma zai zubar da shi, ai ya saba.

Daga ranar gidanmu ya zama irin na cikin littafi. Dambu da safe, fura da nono mai kauri da rana, alkaki a tsakani. Ya yi santin da nake jira, har ya taɓa ce min zai saya min gadar Wudil da motocin da ke kanta. Kumatu suka fito, fatarsa ta yi sheƙi. Da muka je sallama Utai, Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce yanzu ta san an yi aure. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ko yanzu ba zan ce ƙarya ne daɗin ba.

Da ya koma sai wayarsa ta fara gajarta. Muryarsa ta bushe, yana magana kamar mai tauna gari. Sai da na matsa masa sannan ya faɗa min ya haura nauyin da aka yanka da kilo uku da ’yan kai, ga sukuwar ta matso, jikin kuma ya ƙi sauka da sauri kamar yadda ya saba. Mai horar da dawakan ya gaya masa a fili cewa in ranar ta zo bai daidaita ba, wani zai hau goɗiyar, kuma mahaya daga ƙasashe daban-daban suna nan a layi suna jiran gurbinsa. Ya ce yana sa rigar leda ya yi gudu a cikin rana, ya shiga wani ɗakin tururi ya zauna gumi ya yi ta zuba, ruwa kuwa sai dai ya kurkure baki ya tofar.

Na ce, "Barde, ko azumi ai ana shan ruwa da magariba."

"Saura kaɗan, Amarya. Kaɗan ya rage."

Kullum kaɗan ya rage. Na daina iya cin abinci ni ma. In na ɗaga kofin ruwa sai in ji kamar a gabansa nake sha. Littattafan da ke ƙarƙashin matashina na buɗe su na rufe, babu wanda ya taɓa ba da labarin irin wannan.

Ranar sukuwar, Inna da Gwaggo suka zo tun da hantsi, saboda a Utai waya ba ta kama hoto sosai. Mijina ya kira ni da safe, bai yi minti ɗaya ba. Ya ce zai ƙara shiga tururi sau ɗaya kafin awo, in yi masa addu’a. Daga nan shiru. Mun idar da sallar azahar ke nan sai ga saƙon murya daga abokin ɗakinsa. Na kunna a gabansu. Hayaniya ce ta cika shi, da haniniyar dawakai, sai muryarsa sama-sama da irin Hausarsu: "Ku yi ta addu’a, mutumen naku ya hwaɗi, an ɗauke shi..." Nan saƙon ya yanke.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ya faɗi? Daga kan doki?"

Na ce ai ba a fara sukuwar ba tukuna. Wataƙila awon ya faɗi, kamar yadda ake faɗuwa jarrabawa, aka ɗauke shi daga cikin masu hawa. Gwaggo ta ce in sake kunnawa. Na sake, na kuma sakewa, maganar ba ta ƙaru da ko harafi ba. Ya faɗi, an ɗauke shi. An ɗauke shi zuwa ina? Inna kuwa carbi kawai take ja. Amma duk mun san yadda ake yi a wurinmu in mutum ya rasu a nesa. Ba a faɗa kai tsaye, cewa ake a yi ta addu’a. Babu wadda ta furta, kowa dai ta ga abin a idon ’yar’uwarta.

Na kira wayarsa, a kashe. Na kira abokin, tana shiga ba a ɗauka. Na fita ƙofar gida na dawo, na shiga ɗaki na fito ban san abin da na je ɗauka ba. Har sikelin nan na hango a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi, na ji kamar in durƙusa in ba shi haƙuri. Babu wanda muka sani a ƙasar sai mutum biyun nan. Abin da ya rage mana shi ne mu kalli sukuwar, ko ma ga wani abu.

Bayan la’asar aka fara nunawa. Na jingina wayar a jikin kular abincin da babu wadda ta buɗe, muka haɗa kai. Ciyawa koriya shar, fitilu, mutane cikin fararen kaya, wani yana ta zuba Larabci. Aka fara fito da dawakai ana zagayawa da su, sai ga goɗiyar. Wanda yake riƙe da linzaminta kuwa abokin ɗakinsa ne, na gane shi daga hoto. Ashe shi ya sa ba ya ɗaukar waya. Na ƙura wa fuskarsa ido ina neman alama. Mutumin da abokinsa ya mutu ɗazu zai iya jan doki haka? Sai in ga kamar fuskarsa a sake take, sai kuma in ga kamar ya yi kuka.

Akwai mahayi a kanta, da riga koriya mai ratsin fari, irin wadda mijina yake sawa, da hular kwano da gilashi ya rufe ido.

Gwaggo ta yi tsalle. "Ga shi nan! Wallahi ga shi nan! Ja’irin mutumin nan ya tsinka mana hanji a banza."

A nan na rasa abin da zan roƙa. In shi ne, to yana raye, amma mutumin da ya kwana biyu bai sha ruwa ba, wanda ɗazu aka ce ya faɗi, zai yi gudu a tsakiyar kofatai. In ba shi ba ne, to yana ina? Na tuna ya taɓa gaya min cewa kafin a shigar da su ɗan kejin ƙarfen da ake tashi daga ciki, sai ya ja kunnenta na hagu a hankali, in ba haka ba ba ta natsuwa. Na zuba wa kunnen nan ido. Suka isa bakin keji. Mahayin ya gyara zama, ya bubbuga mata wuya. Bai taɓa kunnen ba. Hoton ya matso kusa, tsakanin safar hannunsa da bakin riga na ga fata fara sol.

Ban san yadda zan faɗa musu ba.

Ƙofofi suka buɗe, dawakai suka zubo. Goɗiyar tana can baya, Gwaggo tana dukan cinya tana cewa, "Sake ta, ɗan nan, sake ta!" Hoton ya tsaya cak, ya yi ta juyawa, da ya dawo sun sha kwana, fara mai ɗigon toka ta fito ta gefe tana wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar suna tsaye. Balaraben ya yi ta ihu. Ta tsallake layi babu kowa kusa da ita. Gwaggo ta miƙe ta toshe hanci ta saki guɗa, har matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Inna kuwa tun tuni ba wayar take kallo ba, ni take kallo. Ta ce a hankali, "Ba shi ba ne, ko?"

Na girgiza kai. Daidai lokacin mahayin ya ɗaga gilashinsa yana dariya, wani saurayi ne mai jan gemu. Guɗar Gwaggo ta karye a tsakiya. Tsakar gidan ta yi tsit, sai Larabci da tafi daga cikin waya. Inna ta ajiye carbi, ta ɗaga hannu biyu sama, ta kira sunan ɗanta. Sunansa na yanka, a fili, a gaban mutane, ta ce Allah ga shi nan ta ba shi amana. Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin sunan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba har yau. Shi ya fi komai karya min zuciya.

Haka muka zauna har rana ta yi ja. Ana shirin kiran magariba wayar ta yi ƙara, kira mai hoto daga lambar da ban sani ba. Na danna. Shi ne. Yana kwance a gadon asibiti, an sa masa ƙarin ruwa, leɓɓansa sun tsattsage, kumatun nan da aka yi wa guɗa babu ko alamarsu. A ɗakin tururi ya yanke jiki ya faɗi, ko sikelin bai kai ga hawa ba, likita kuma ya hana shi tashi. A talabijin ɗin asibiti ya kalli sukuwar, kamar mu.

Ya ce, "Amarya, kin gan ta? Ta ci."

Na fashe da kuka.

"Haba, daina mana. Ai ba a yi asara ba. Ni na ci a Wudil, ita ta ci a nan. Kowa ya ci nasa."

Ya yi ’yar dariya, sannan ya juya fuska wajen bango na ɗan lokaci. Gwaggo ta fizge wayar tana sharɓar hawaye. "Kai ɗan nan, don Allah da haka abin yake me ya hana ka faɗa mana?"

"Na faɗa, Gwaggo. Kika ce iyayi ne."

Inna ba ta karɓi wayar ba. Ta leƙa sau ɗaya, ta ce, "A ce wa yaron nan ya sha ruwa," ta tashi ta ɗauki buta.

Ba a kore shi ba, amma an mayar da shi cikin masu motsa dawakai da sassafe har ƙarshen shekarar. Goɗiyar ta zama ta mai jan gemu. Mijina ne yake hawanta kullum da safe yana shirya ta, ranar sukuwa ya ja mata kunne a bayan fage ya miƙa wa wani. Shekarar da ta biyo baya ya koma hawa, ya ci sukuwa a kan wasu dawakan, hotunan suna nan a bangon ɗakina. Amma a kanta bai taɓa yi ba har aka daina gudu da ita, kuma bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba.

Da damina ta zagayo ya dawo gida a bushe kamar yadda ya saba. Muka je wani suna a Utai, wata mata ta dube shi ta dube ni ta ce, "Oh, har yanzu dai amarya ba ta iya kiwo ba?" Kafin in buɗe baki Gwaggo ta taso mata. "Ke, rago ne shi da za a kiwata? Ramar nan da kike gani ita ce sana’arsa. In kiwo kike so, ga kasuwar dabbobi ta Wudil can ranar Juma’a."

Abin da yammacin nan ya koya min shi ne, na so mijina da irin son da na karanta da irin wanda mutane za su gani su yaba, shi kuma ya karɓa don kada a yi min dariya, har ya kusa biya da ransa. Son mutum sai ka fara sanin abin da rayuwarsa take buƙata, ko da bai yi kama da na kowa ba. Yanzu in ya zo hutu, kifi gasasshe nake sa masa a ɗan ƙaramin faranti da kokwamba a gefe, sikelinsa kuma yana bakin ƙofa, ni nake goge shi. Duk wanda ya ga wuyansa ya ce ban iya ba, sai in ce masa haka ne.